Me ya sa kaurin oksaid ke canza halin ƙananan gungun ƙarfe a katalis?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne ina digiri na biyu a kimistiri, aikin binciken da aka ba ni kuma akan katalis ne. Abinda ya ɗaure min kai shi ne, a aji an koya mana ƙarfen ne yake aikin, shi oksaid ɗin da ake ɗora shi a kai mariƙi ne kawai don kada ƙarfen ya cure wuri ɗaya. Sai ga shi ina karanta takardun masu bincike suna cewa wai idan oksaid ɗin ya yi siriri sosai, kamar hawa biyu ko uku na atam, gungun zinaren da ke kansa sai ya canza hali, har siffarsa ma ta canza. Ta yaya haka ke faruwa? Kuma abin yana da amfani a katalis ɗin masana'anta, ko dai wasan ɗakin gwaji ne kawai?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Tambayarka in ka duba biyu ce, ta farko kana son sanin ta wace hanya kaurin shimfiɗar oksaid yake shafar ƙarfen da ke zaune a kanta, ta biyu kuma ko abinda muke gani a na'urorinmu yana isa ga katalis, wato abin da ke hanzarta haɗuwar sinadarai ba tare da shi ya ƙare ba, irin wanda ke aiki a mota ko a matatar mai. Ta farkon tana da amsa mai daɗi wadda gwaji ya tabbatar, ta biyun sai an bi a hankali.

Abinda aka koya muku a aji ba ƙarya bane, rabin magana ce dai. Oksaid ana ɗaukarsa kamar tabarma da aka shimfiɗa wa ƙarfe ya zauna, kuma ga manyan ƙwayoyin ƙarfe masu faɗin nanomita 10 ko 20 akan garin alumina, kusan haka abin yake, domin yawancin atam ɗin ƙarfen ba su ma san akwai oksaid a ƙasa ba. Amma da zarar gungun ya koma atam 8 ko 20, kusan kowane atam ko dai yana taɓa oksaid ɗin ko maƙwabcinsa yana taɓawa, to daga nan ba za ka iya raba su biyu a lissafi ba, ƙarfen da oksaid ɗin da abinda ke ƙarƙashin oksaid ɗin duk katalis ɗaya ne.

Me ƙanƙanta ke jawowa

Fara da ƙidaya mai sauƙi. Gungu mai cikakkiyar siffa na atam 13, guda 12 a waje suke, ɗaya tal ne a ciki. Na atam 55, guda 42 a waje. Na 147, guda 92. Kaga tun daga nan an samu riba, tunda atam ɗin da ke ciki ba ya haɗuwa da iskar da kake son sarrafawa, kuɗinsa ka biya kawai. Amma ba wannan ribar ce ta ba mutane mamaki ba, abinda ya girgiza fannin shi ne zinare. Kowa ya san zinare ba ya tsatsa, ba ya kama oksijin, shi yasa aka daɗe ana ganin ba shi da wani amfani a katalis. Sai a 1987 Masatake Haruta a Japan ya wallafa cewa ƙananan ƙwayoyin zinare akan oksaid ɗin ƙarfe irin su ayon (baƙin ƙarfe) da kobal suna mayar da iskar CO (kabon monoksaid mai guba) ta koma CO2 (kabon dayoksaid) a sanyin da ya kai digiri 70 ƙasa da sifiri. A 1998 su Wayne Goodman a jami'ar Texas A&M ta Amurka suka ɗora zinare akan titaniya, wato oksaid ɗin titaniyom, suka auna, sai suka ga aikin ya fi ƙarfi idan ƙwayar ta kai wajen nanomita 3 a faɗi, kaurinta hawa biyu na atam, in ta fi haka girma aikin ya faɗi, in ta gaza ma ya faɗi.

Daga nan sai Ulrich Heiz da abokan aikinsa, tare da Uzi Landman a ɓangaren lissafi, suka zo da abinda ya fi wannan tsanani a 1999. Sun tace gungun zinare ta hanyar nauyi, wato su zaɓi mai atam 7 zalla ko mai 8 zalla, su saukar da shi a hankali kan shimfiɗar magniziyom oksaid, MgO. Mai atam 8 shi ne mafi ƙanƙanta da ya iya ƙona CO. Kuma shi ɗin ma sai in shimfiɗar tana da gurabe inda oksijin ya fita ya bar ilektiron a maƙale, akan shimfiɗa mai santsi marar gurbi kusan ba ya taɓuka komai. Riƙe wannan da kyau, don shi ne mabuɗin sauran maganar: gungu ɗaya, atam ɗinsa ba su ƙaru ba ba su ragu ba, amma yana aiki ko ba ya yi gwargwadon ko ya samu ɗan cajin ilektiron daga ƙasa. A 2005 sun nuna hakan da hasken infirared, CO ɗin da ke kan gungu mai caji rawarsa ta sauka da wajen 50 a ma'aunin lambar zango idan aka kwatanta da wanda ke kan marar caji.

Dalilin da ya sa aka fara yin siririyar shimfiɗa

Abin sha'awa shi ne tun farko ba don a canza halin ƙarfe aka ƙirƙiro waɗannan shimfiɗu ba, dole ce ta sa. Yawancin na'urorin da muke duba fuskar abu da su, ilektiron suke harbawa ko suke karɓa. Na'urar STM mai ɗaukar hoton atam da Binnig da Rohrer suka ƙera a 1981 sai wuta ta gudana tsakanin tsinin allura da abinda kake dubawa kafin ka ga hoto. MgO kuma da alumina da silika ba sa wuce da wuta, tazarar makamashin MgO ta kai wajen ilektironbolt 7.8, in ka harba masa ilektiron caji ne zai taru a fuskarsa ya ɓata maka awo gaba ɗaya. To dabarar da aka yi ita ce a samu ƙarfe mai tsabta mai fuska ɗaya, azurfa ko molibdinom ko gamin nikel da alminiyom, a shuka oksaid a kansa hawa kaɗan yadda ilektiron zai iya ratsawa ya fita ta ƙarfen. Rukunin Hans-Joachim Freund a cibiyar Fritz Haber da ke Berlin sun shahara da wannan, aluminar da suka shuka akan gamin nikel da alminiyom kaurinta wajen rabin nanomita ne kacal, kuma an yi shekaru ana ɗora faladiyom da rodiyom a kanta ana ɗaukarta a matsayin wakiliyar alumina ta gaske. An zaɓi azurfa don MgO saboda tazarar atam ɗinsu ta yi kusa, bambancin wajen kashi 3 cikin ɗari ne, shimfiɗar tana kwanciya lafiya.

Sai daga baya tambaya ta taso, anya wannan shimfiɗar da muke cewa wakiliya ce, halinta ɗaya da oksaid mai kauri? Amsar da aka samu ita ce a'a, in ta yi siriri sosai wata aba ce daban, kuma nan ne tambayarka take.

Yadda ilektiron ke hayewa

Abubuwa uku ne ke haɗuwa, amma na farkon ya fi nauyi. Kowane ƙarfe yana da adadin makamashin da sai ka biya kafin ka ciro ilektiron daga jikinsa. Idan ka shimfiɗa MgO akan azurfa ko molibdinom, gajimaren ilektiron ɗin da ya saba leƙowa waje daga fuskar ƙarfen sai oksaid ɗin ya danne shi ya koma ciki, wannan dannewar tana rage makamashin cirowar da fiye da ilektironbolt 1, wato ƙarfen ƙasa ya zama mai sakin hannu da ilektiron ɗinsa. A ɗaya gefen kuma zinare a cikin ƙarafa yana daga cikin masu tsananin kwaɗayin ilektiron, atam ɗinsa ɗaya yana samun ribar wajen ilektironbolt 2.3 idan ya karɓi ƙari. Ga mai bayarwa a ƙasa, ga mai so a sama, abinda ya rage hanya. Hanyar ita ce kurɗawar kwantom, ilektiron yana ratsa katangar da a lissafin gargajiya bai isa ya haura ba, muddin katangar siririya ce, kuma yiwuwar ratsawar tana faɗuwa da matuƙar sauri da kowane hawa da ka ƙara. Hawa ɗaya na MgO wajen nanomita 0.21 ne, hawa uku bai wuce 0.6 da ɗan abu ba. Na ukun shi ne ita shimfiɗar tana da laushi, idan zinare ya ɗauki caji nagetif sai magniziyom ɗin da ke ƙarƙashinsa ya ɗan ɗago sama oksijin ya ɗan nutse, wannan lanƙwasawar ce ke riƙe cajin ya zauna, kuma oksaid mai kauri ba ya iya lanƙwasawa haka da sauƙi. Tunanin kansa ma tsoho ne, Cabrera da Mott sun yi amfani da shi tun 1949 wajen bayanin yadda ƙarfe ke yin tsatsar farko.

Gianfranco Pacchioni da Livia Giordano a Milan ta Italiya su suka fara hasashen wannan da lissafin kwamfuta a 2005, cewa atam ɗin zinare akan siririn MgO zai ɗauki caji ko da babu gurbi ko ɗaya. A 2006 lissafi ya ƙara da cewa gungu mai atam 20, wanda aka sani da siffar dala mai fuska huɗu, akan siririyar shimfiɗa zai fi son ya baje ya kwanta hawa ɗaya, saboda gwargwadon yadda ya manne da shimfiɗar gwargwadon cajin da zai ja. A 2007 Martin Sterrer da su Freund suka gani da STM. Akan hawa 3 atam ɗin zinare suna ba juna tazara suna jeruwa da tsari saboda caji iri ɗaya yana ture juna, kuma da aka ɗumama sai suka zama faffaɗan tsibirai masu hawa ɗaya. Akan hawa 8 kuwa sai suka koma curi mai tudu kamar yadda aka saba. Faladiyom da aka gwada a kan shimfiɗar guda bai ɗauki caji ba, kwaɗayinsa na ilektiron bai kai ko kwatan na zinare ba, saboda haka kada ka ɗauka duk ƙarfen da ka ɗora haka zai yi.

Ni a nawa aikin abinda ya fi tsaya min a rai shi ne yadda bambancin ke fitowa ƙarara a samfuri ɗaya, domin shimfiɗa ba ta taɓa fitowa da kauri ɗaya ko'ina, za ka ga wani fili hawa biyu ne na kusa da shi huɗu ko biyar, zinare ɗaya ka zuba a lokaci ɗaya a zafi ɗaya, amma a nan ya baje a can ya dunƙule, allurar na wucewa kana kallon iyakar da idonka.

To me cajin yake yi wa aikin katalis? A ƙona CO wahalar ba CO bace, oksijin ne, O2 atam biyu ne da suka riƙe juna gam. Idan ya sauka a gefen gungu mai rarar ilektiron, ilektiron ɗin yana shiga wani gurbi a jikinsa da ke sassauta ɗaurin, tsawon ɗaurin ya tashi daga nanomita 0.121 zuwa wajen 0.133, in ya karɓi biyu ma ya kusa 0.15, daga nan CO da ke kusa ya fizgi ɗaya cikin sauƙi. Kuma rarar cajin a faffaɗan tsibiri a bakin gefe take taruwa, inda zinare da oksaid da iska suka haɗu, shi yasa nake yawan gaya wa ɗalibai su daina lissafin aiki da faɗin fuska kaɗai, su riƙa lissafa tsawon gefe. A 2009 su Heiz sun ɗora gungu mai atam 20 akan MgO mai kauri daban-daban suka ga zafin da CO2 ke fitowa ya canza da kaurin. A 2011 ma an nuna O2 yana karɓar ilektiron akan siririn MgO ko babu zinaren sam. A 2015 aka ga CO2, wanda ya fi O2 taurin kai, yana karɓar ilektiron a gefen waɗannan tsibiran har biyu su haɗu su zama okzalet.

Idan oksaid ne ya hau kan ƙarfe

Akwai wani ɓangare da nake ganin ya fi kusa da masana'anta kuma ɗalibai ba su cika kula da shi ba. A 1978 Tauster da abokan aikinsa a kamfanin Exxon sun lura cewa filatinom akan titaniya, in aka gasa shi cikin haidurojin a digiri 500, sai ya kusa daina kama haidurojin da CO. Daga baya aka gane siririyar fatar oksaid ce ke rarrafowa ta lulluɓe ƙwayar ƙarfen. Shekaru ana kallon wannan a matsayin mutuwar katalis. Sai a 2009 su Shamil Shaikhutdinov a Berlin suka nuna cewa hawa ɗaya na ayon oksaid akan filatinom ya fi filatinom tsirara ƙona CO a zafin wajen digiri 180, inda shi tsiraran CO ke cika masa fuska ya hana oksijin wurin sauka. A cikin iska mai yawan oksijin shimfiɗar tana ƙara hawa ɗaya na oksijin a sama, CO ya ɗauke shi, iska ta mayar, haka dai. Kaga a nan siririn oksaid akan ƙarfe ya fito da kansa a cikin katalis na gaske, babu wanda ya shuka shi da gangan.

Shin yana isa masana'anta?

Nan zan faɗa maka iyakar abin tsakani da Allah. Ni aikina a samfuri ya tsaya, cikin ɗakin ƙarfe da aka zuƙe wa iska, ban yi aiki da tukunyar masana'anta ba, don haka abinda zan iya tsaya maka a kai shi ne abinda samfuri ke iya nunawa da wanda ba ya iyawa. Matsin iska a ɗakunanmu yana sauka zuwa 10 a ƙarfin -10 na miliba, katalis ɗin mota kuwa a matsin iskar duniya yake aiki, tazarar ta kai ninki goma sau 13. Hotunan atam ɗaiɗai kuma a sanyin digiri kaɗan sama da sifirin Kelbin ake ɗaukarsu don kada atam su motsa. A matsi na gaske akwai tururin ruwa, MgO kuma yana son ruwa, fuskarsa sai ta cika da haidroksil ta zama wata aba. Saboda haka duk wanda ya ce maka za a zuba azurfa mai fuska ɗaya da hawa uku na MgO a tukunyar masana'anta, bai san tsada da raunin abin ba.

Babbar matsala kuma curewa ce. Ƙaramin gungu atam ɗinsa ba su da maƙwabta da yawa, riƙonsu sako-sako ne, da zafi ya tashi ko dai gungun ya yi ta yawo har ya ci karo da wani su haɗe, ko atam su riƙa ɓallewa daga ƙanana suna komawa manya. Wahalar da ka sha ka tace mai atam 8 sai ta tashi a banza cikin mintuna. Iskar da kake sarrafawa ma tana taimakawa, su Gareth Parkinson da Ulrike Diebold a Vienna ta Ostiriya sun nuna atam ɗin zinare ɗaiɗai suna zama daram akan wata fuskar magnetait, wani nau'in ayon oksaid, har zafin Kelbin 700, amma a 2013 suka ga faladiyom a wannan fuskar da CO ya kama shi sai ya tumɓuke ya fara yawo yana tara 'yan'uwansa.

Duk da haka ban yarda a kira shi wasa ba, kuma hujjata mafi ƙarfi gwajin 2011 ne na su Niklas Nilius. Sun ce tunda abinda zinare ke buƙata mai ba shi ilektiron ne, me zai hana a saka mai bayarwar a cikin oksaid ɗin kansa? Suka barbaɗa ɗan molibdinom kaɗan a cikin kalsiyom oksaid mai kauri, kaurin da ilektiron ba zai ratso daga ƙarfen ƙasa ba, sai ga zinare ya baje faffaɗa kamar yadda ya yi akan siririn MgO. Wannan kuwa abu ne da za a iya yi da gari a buhu. Darasin da aka koya a shimfiɗa ya fita daga shimfiɗa kenan. Haka gungun da aka tace ya fara nuna kansa a yanayi mai kama da na gaske, a 2009 su Stefan Vajda a ɗakin binciken Argonne na Amurka sun ruwaito filatinom mai atam 8 zuwa 10 akan alumina ya ninka katalis ɗin da aka sani sau 40 zuwa 100 wajen cire haidurojin daga iskar furofen (propane) da taimakon oksijin. Kuma fannin katalis mai atam ɗaya da ya bunƙasa bayan aikin su Tao Zhang a China a 2011, filatinom ɗaiɗai akan ayon oksaid, tambayoyinsa duk waɗannan ne, wane caji atam ɗin ke ɗauke da shi, wane gurbi ya riƙe shi.

Wani abu da ya kamata ka sani kafin ka rubuta babin bitar ayyuka, masana ba su haɗu akan cewa caji nagetif ne sirrin zinare a ko'ina ba. Akan oksaid masu sakin oksijin ɗinsu irin su seriya (oksaid ɗin seriyom) da titaniya da ayon oksaid, akwai ayyuka masu ƙarfi da ke nuna zinare mai caji fozitif a gefe, kuma oksijin ɗin da ke ƙona CO daga jikin oksaid ɗin yake fitowa. Ni ina ganin duka biyun gaskiya ne a wurarensu, MgO ba ya sakin oksijin ɗinsa don haka dole a kunna O2 na iska da ilektiron, seriya kuwa tana da nata a hannu. Kada ka ɗauki sakamakon MgO ka liƙa wa seriya.

Game da naka aikin, in gari kake haɗawa kamar yawancin ɗalibai, kada ka rubuta "zinare akan oksaid" ka tsaya, rubuta yadda ka gasa oksaid ɗin, a wane zafi, cikin iska ko cikin haidurojin, domin wannan ne ke ƙayyade yawan gurabe da haidroksil, kuma samfuri biyu masu suna ɗaya suna iya ba ka sakamako mabambanta saboda wannan kaɗai. Nemi takardar tsabtar sinadarin da ka saya ka duba ƙarafan da suka gauraya a ciki ko da kaɗan ne. Auna girman ƙwayoyin kafin gwaji da bayan gwaji, na bayan ya fi muhimmanci. In kana da damar infirared, yi amfani da CO a matsayin ɗan leƙen asiri, a iska rawarsa 2143 ce, akan zinare marar caji tana zama wajen 2100, in ta sauka ƙasa sosai zinaren yana da rarar ilektiron, in ta haura sama da ta iska ya rasa. Amma ka haɗa da wani awon daban kamar XPS, mai auna cajin atam da hasken X-ray, don yawan CO ɗin da ke kan fuska shi kansa yana matsar da lambar, kuma a XPS ƙanƙantar gungu kaɗai tana iya matsar da layin ko cajin bai canza ba. In ka samu sakamakon farko ka turo min tare da bayanin yadda ka gasa samfurin, sai mu duba tare.